Kundin lissafin tsohuwar mota mai zafin inji

4 ga Maris

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta lissafin wata tsohuwar mota da nake shawarar saye. Idan mutum ya bar lissafi a ka, son abin yakan rage masa lambobi bai sani ba. Motar ƙirar 2006 ce, mai ƙofa huɗu, injin fetur mai silinda huɗu, giya otomatik, mita tana nuna kilomita 238,000. Mai ita dattijo ne, kuma bai ɓoye cewa tana da matsala ba. Ya ce tana zafi idan aka daɗe a cunkoso, a ganinsa kuma fanka ce kawai.

Farashi yana bambanta daga wuri zuwa wuri, yau da gobe ma ba ɗaya ba ne, don haka zan yi lissafin da ma'auni. Na ɗauki kuɗin da ake sayar da lafiyayyar irinta, mai shekaru da tafiya kusan ɗaya, a matsayin 100. Dattijon yana neman 62. Tambayar da zan bi har ƙarshe ita ce ko 38 ɗin da ya sauke za su ɗauki nauyin gyaran, har a sami ragowar da za ta biya wahala da kasada.

Yau duba na ido kawai na yi. Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, iri ɗaya ce a takarda da ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. A motoci da yawa, musamman waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, gurbi na goma shi ke nuna shekarar ƙira, a nan kuwa 6 ce, ta dace da 2006. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: da na ɗora hannu a bonet na ji da ɗumi. An riga an tayar da ita kafin in iso. Mai yiwuwa ba da wata manufa ba, amma injin da ya yi ɗumi yana rufe aibu da yawa. Na roƙi a bar ta ta kwana ba a taɓa ba, in zo da bakanike da sassafe.

7 ga Maris

Bakaniken da na zo da shi ba shi da alaƙa da mai motar, ni zan biya shi kuɗin dubawa ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Wannan sharaɗi ne da ba na sassautawa, domin wanda ladansa ya rataya a kan a saya ba zai ga abin da zai ɓata ciniki ba.

Da aka murɗa makulli ta tashi nan take, sai dai injin ya yi ta karkarwa na ɗan lokaci kafin ya daidaita, salansa kuma ta fitar da farin hayaki mai kauri da ɗan ƙamshin zaƙi. Tururin safiya yakan watse da wuri, wannan kuwa ya ɗan jima yana rataye. Launin hayaki yana da magana: shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri kuma ruwan lagireto ne ya sami hanyar shiga silinda.

Fitilar gargaɗin inji ba ta kunne a dashbod. Bakanike ya jona na'urarsa a soket ɗin OBD-II mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001. Babu lambar matsala ko ɗaya. Amma ya nuna mini wani shafi: gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta, irin na katalis (mai tace hayaƙin salansa) da na sensar iskar oksijin, duk suna cewa ba su kammala ba. Haka ke faruwa idan an goge lambobin matsala kwanan nan, ko an cire kan batir. Dattijon ya ce batirin ne ya mutu a makon jiya aka yi masa caji a waje. Maganar tana iya zama gaskiya, domin batirin yana ba da volt 12.1 a tsaye, lafiyayye mai cikakken caji kuwa wajen 12.6 yake bayarwa. Altaneta tana caji daidai, 14.1.

Muka fita da ita, cikin gari da babbar hanya. Da muka dawo lambobi sun fara fitowa: P0302 da P0303, wato silinda ta biyu da ta uku suna tsallake wuta. Fankar lagireto kuwa ba ta juya ko sau ɗaya ba. Ashe dattijon ya faɗi gaskiya game da fanka. Abin da ya rage a sani shi ne abin da rashin fankar ya riga ya jawo.

9 ga Maris

Ranar gwaje-gwaje, kuma ita ce ranar da ta fi kowace amfani zuwa yanzu.

An cire fulogi huɗun. Na biyu da na uku sun fita tas kamar an wanke su, sauran biyun suna da launin ƙasa-ƙasa na yau da kullum. Fulogi mai tsabta fiye da kima a tsohon inji ba abin murna ba ne, tururin ruwa ne ke wanke shi. Sai gwajin matsin silinda. Sakamakon a ma'aunin psi: 175, 128, 131, 172. Ƙa'idar da kanikawa ke bi ita ce kada tazarar da ke tsakanin silinda ta wuce kusan kashi 10 cikin 100. Nan ta haura kashi 25, kuma a silinda biyu maƙwabtan juna. Bakanike ya ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin fulogin kowace ya sake gwadawa. Da ringin fistin ne suka cinye, man zai toshe gibin na ɗan lokaci, matsin ya tashi sosai. Bai tashi ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Hakan ya mai da zargi sama, kan bawul ko gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa.

Gwaji na ƙarshe shi ya yanke magana. Akwai wani shuɗin ruwa da ake zubawa a ƙaramin bututu a ɗora a bakin lagireto inji yana aiki. Idan hayaƙin ƙonewa yana kutsawa cikin ruwan sanyaya inji, shuɗin yakan koma rawaya. Ya koma. Gaskit ɗin kan inji ya ƙone, kuma alamu sun nuna tsakanin silinda ta biyu da ta uku ne.

An kuma tarar babu tamostat, abin da ke tare ruwa kada ya zagaya lagireto sai inji ya yi zafi, wani ya cire shi. Mutane da yawa suna yin haka da zarar mota ta fara zafi, suna ganin magani ne. A gaskiya ɓoye alama ne kawai: injin da aka tsara ya yi aiki a wajen digiri 90 sai ya daɗe bai kai ba, ya ƙara shan mai, ainihin ciwon kuma yana nan. Cire tamostat ɗin ya gaya mini cewa zafin nan ya daɗe, ba na makon jiya ba ne.

Bakanike ya goge hannu ya ce mini, “Malam, gaskit ba shi ne tsada ba. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ba mu gani.”

12 ga Maris

Na raba gyare-gyaren gida biyu, kuma ina ganin rabon nan shi ne ginshiƙin dukan lissafin. Akwai gyaran da aka san iyakarsa tun kafin a taɓa sifana, akwai kuma wanda sai an buɗe ake sanin zurfinsa. Na farkon ana iya cire kuɗinsa daga farashi a wuce. Na biyun shi ke cinye mutane.

Masu iyaka ba su da wuyar lissafi. Tayoyi: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, uku daga cikinsu suna ɗauke da 2417, wato mako na 24 na 2017. Zanensu bai kai ƙarshen milimita 1.6 ba tukuna, amma gefensu ya fara tsattsagewa, sun tsufa. Na sa 6. Shakazoba na gaba ɗaya yana yoyo, kuma bibbiyu ake canza su, ga bushin da suka saki: 5. Batir 2. Takalmin birki, man birki da ya yi duhu (yana tsotsar danshi, shi ya sa ake so a canza shi duk bayan kamar shekara biyu), man giya da matatu: 3. Fanka, tamostat, murfin lagireto da wanke lagireton kansa: 4. Jimla 20. Ko da na yi kuskure a nan, ba zai wuce biyu ko uku ba.

Injin kuwa sai da na yi masa lissafi hawa uku. Kan injin alminiyum ne, kuma alminiyum yana lanƙwasa idan ya sha zafi. Idan lanƙwasar kaɗan ce, za a kai shi a goge fuskarsa a injin gogewa, a sa sabon gaskit da sabbin kusoshi, domin a injuna da yawa kusoshin kan inji suna miƙewa idan aka ɗaure su, ba a sake amfani da su. Wannan injin bel ɗin taimin (mai daidaita motsin bawul da na fistin) yake amfani da shi, ba sarƙa ba, kuma babu wata shaidar ranar da aka canza shi. Kamfanoni sukan ba da wa'adi tsakanin kilomita 90,000 zuwa 160,000 gwargwadon inji, kuma a irin injin da fistin ke iya cin karo da bawul, tsinkewar bel ɓarna ce babba. Sauƙin abin shi ne dole a cire bel ɗin kafin a ɗaga kan inji, don haka canza shi da famfon ruwa kuɗin kaya ne kawai, ladan aikin ya riga ya shiga. Duk wannan, hawa na farko ke nan, ya kama 14. Hawa na biyu: idan kan injin ya tsage, ko lanƙwasar ta wuce abin da za a iya gogewa, sai an nemo wani kan na hannu a gyara bawul ɗinsa, 22. Hawa na uku: idan bulok ɗin, wato gangar jikin injin, shi ma ya lanƙwasa, ko ruwa ya daɗe yana gauraya da baƙin mai har ya cinye metal ɗin ƙasa, babu abin yi sai sauke injin a ɗora wani na hannu, 32, shi ma da nasa tarihin da ba a sani ba.

A kan farashin 62, ga inda aka tsaya: 96, ko 104, ko 114. Wato ko an yi sa'a ƙwarai, ribar 4 ce kacal, bayan makonni a gareji. Idan ba a yi sa'a ba, na sayi mai ciwo da tsadar da ta fi ta lafiyayya. Ban ma sa kuɗin ko-ta-kwana ba, wanda na saba ware masa 10 a kowace tsohuwar mota, domin idan aka fara kwance inji, robobi da tiyo da suka bushe sukan karye a hannu. A wannan farashi babu ciniki.

15 ga Maris

Kafin in bar maganar, na ga ya dace a duba abubuwa biyu da za su iya kashe ta gaba ɗaya komai arha: giyabos da tsatsa.

Giya otomatik ta dame ni saboda a motoci da yawa man giya yana bi ta cikin lagireto ne ya huce. Injin da ya yi ta zafi ya dafa man giyar tare da shi, idan kuma bututun cikin lagireton ya fashe, ruwa ya haɗu da mai ya zama wani abu mai kauri ruwan hoda, giyar ta tafi ke nan. An zaro sandar gwaji: man ja ne mai duhu, ba ya warin ƙuna, ba ruwa a ciki. Daga P zuwa D da zuwa R tana shiga cikin kamar daƙiƙa ɗaya ba bugu. Da ta yi zafi a hanya tana canzawa lami lafiya, inji ba ya ihu a banza tsakanin giya da giya. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin da giyar ma tana da alamar tambaya, da gyara marar iyaka ya zama biyu a mota ɗaya, ni kuwa ba na ɗaukar fiye da ɗaya.

Aka ɗaga ta sama. Ƙasanta ya ba ni mamaki. Ƙarfen da ke ɗauke da inji, gefunan ƙasan ƙofofi da mazaunin shakazoba duk lafiya, tsatsar sama-sama ce kawai. Na bi jikinta da ɗan maganaɗisu, ya kama ko'ina ban da ƙofar baya ta dama inda aka yi ciko, kuma tazarar ƙofofi da bonet daidai take, ba alamar babban haɗari. Inji ana sauke shi a ɗora wani, amma shasin da tsatsa ta ci ko haɗari ya karkatar ba ya komawa yadda yake. Wannan jiki shi ne hujjar motar mafi ƙarfi.

An kuma gwada matsin baƙin mai da agogon gwaji inji yana da zafi, ya fito cikin abin da littafin motar ya tanada, kuma babu ƙarar bugu daga ƙasa. A murfin baƙin mai akwai ɗan farin kumfa, amma man da ke kan sanda bai yi launin madara ba. Hawa na uku bai fita daga lissafi ba, sai dai ya ja baya.

19 ga Maris

Na je na ga wata irinta da ake sayarwa a matsayin lafiyayya, wadda farashinta ya yi daidai da 100 ɗin da nake aunawa da shi. Injinta sumul, matsin silinda huɗun kusan ɗaya. Amma tayoyinta biyu sun kusa ƙarewa, ita ma babu shaidar canjin bel, kuma man birkinta bai fi na waccan kyau ba. Mota mai shekaru irin waɗannan ba ta zuwa ba bashi a wuyanta. Da na lissafa, lafiyayyar za ta tsaya mini a wajen 108 kafin in yarda in yi doguwar tafiya da ita.

Wannan ya gyara ma'aunin. Adalci shi ne a kwatanta motoci biyun bayan kowace ta kai matsayin da za a amince da ita, ba farashin ɗaya a tsaye da na ɗayar bayan gyara ba. Akwai kuma abin da lamba ba ta nunawa: idan na gyara ta farkon, na san ranar da aka sa bel, famfon ruwa, gaskit da tayoyi, na san wanda ya sa su. A ɗaya ɓangaren, kasuwa ba ta biyan mutum kuɗin gyaran da ya yi. Ko na kashe 40 a kanta, ranar sayarwa 100 ɗin nan ce iyakarta, wataƙila ma ƙasa, tunda mai saye yana jin an taɓa buɗe inji zai nemi ragi. Saboda haka lissafin yana da ma'ana ne kawai ga wanda zai riƙe motar shekaru, kuma niyyata ke nan.

Na kuma tambayi abin da za ta yi idan komai ya lalace aka sayar da ita ga masu kwance motoci su sayar da kayan. An ce wajen 28, saboda giyar da jikin suna da kyau. Wannan lamba ita ce ƙasan ramin, ta nuna mini iyakar asarar da zan iya yi.

23 ga Maris

Na koma wurin dattijon da takardar gwaje-gwajen a hannu, na taya 45. Bai ji daɗi ba. Ya ce, “Yaro, motar da ke tashi da makulli ɗaya kake wa wannan tayi?” Na ce, “Baba, ba raina ta na yi ba, jikinta da giyarta sun fi na wasu da ake kira lafiyayyu. Abin da ke cikin injin ne ni da kai duk ba mu sani ba, ni kuma ba zan yi cinikin biri a sama ba.” Ya sauko zuwa 57 ya tsaya.

Na fahimci matsayinsa. Shi yana lissafi da hawa na farko, ni ina lissafi da na uku, kuma babu wanda zai iya tabbatar wa ɗan'uwansa. Sai na kawo shawarar a buɗe kan injin kafin a yanke farashi, ni zan biya ladan buɗewa, kimanin 3. Ya yi jim, kuma yana da dalili: motar da ke tafiya da ƙafarta, ko da ciwo, ta fi sauƙin sayarwa a kan wadda injinta ke kwance a faranti. Ya ce zai yi shawara da 'ya'yansa.

28 ga Maris

Ya amince, da sharaɗin a rubuta komai a sa hannu gaban shaidu, ni ma haka na fi so. Abin da muka rubuta: idan kan injin gogewa kawai yake buƙata kuma bulok lafiya, farashi 56. Idan kan ya tsage ko ya wuce gogewa, 50. Idan ɓarnar ta kai ƙasa, ina da zaɓi, ko in saya a 42, ko in janye, in biya a mayar masa da injin yadda aka same shi da sabon gaskit. Da wannan tsari jimlar ta koma 90, ko 92, ko 94, ladan buɗewa yana ciki tunda dama aikin za a yi. Idan aka ɗora 10 na ko-ta-kwana, mafi muni 104 ne, har yanzu ƙasa da 108 na lafiyayyar. Kasadar ba ta ɓace ba, amma yanzu mun raba ta, kuma kowane hawa yana da farashinsa.

Na ƙara sharaɗi ɗaya a wajen bakanike: duk abin da aka cire a ajiye mini in gani, kuma kada a sayi kaya ko ɗaya sai sakamakon awo ya fito.

2 ga Afrilu

An ɗaga kan injin. Gaskit ɗin ya ƙone daidai inda aka zata, siririn wurin da ke raba silinda ta biyu da ta uku, kuma akwai wata 'yar hanya da ta ɓulle zuwa ramin ruwa. Kawunan fistin biyun sun yi fes saboda tururi. Bangon silinda huɗun babu zane mai zurfi, farce ba ya maƙalewa. An ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar bulok ta tsawo da ta kusurwa, an gwada zura siraran ma'aunai a ƙarƙashi, bai wuce ƙa'ida ba. Hawa na uku ya kusa fita.

Kan injin kuwa ya lanƙwasa da milimita 0.12 a tsakiya, alhali injuna da yawa ba sa yarda da fiye da kusan 0.05. Ana iya goge wannan, muddin kaurin kan bai sauka ƙasa da iyakar da kamfani ya sa ba, kuma bakanike yana zargin an taɓa goge shi a baya saboda alamun da ke fuskarsa. Idan haka ne, abin da ya rage na gogewa kaɗan ne. Bel ɗin da aka cire ya tsattsage ta ciki, famfon ruwa kuma yana da wasa a hannu, dama suna cikin 14 ɗin.

An kai kan wurin masu injin gogewa. Za su fara auna kaurinsa, sannan su toshe ramukan ruwa su hura masa iska cikin ruwan zafi su ga ko kumfa za ta fito, domin tsagar da ke tsakanin mazaunin bawul sau da yawa ido ba ya ganinta sai ƙarfen ya ɗumama. Sun ce sakamakon biyun zai fito ranar Litinin. Idan kaurin ya isa kuma babu kumfa, 56 ne. Idan ɗaya ya gaza, 50, kuma bakanike ya riga ya fara tambayar inda za a sami wani kan na hannu da za a yarda a gwada shi kafin a biya.